Wutar bola da wutar kamfanin siminti ba ɗaya ba ne

Wasu sun ji labarin cewa a ƙasashen Turai kamfanonin siminti suna ƙona shara da tsofaffin tayoyi a madadin kwal da man fetur. Sai suka tambaya: in manyan kamfanoni na ƙonawa, me ya sa ma'aikatan lafiya ke hana mu cinna wa bola wuta a bayan gida? Tambayar na kan hanya, don haka bari mu warware ta.

Ana yin siminti ne da dutsen farar ƙasa da yumɓu. A niƙa su, a zuba cikin wani dogon murhu na ƙarfe mai juyawa, a gasa har su dunƙule su zama abin da ake kira kilinka. Shi ake niƙawa ya zama siminti. Kafin haka ta samu sai zafin kayan ya kai digiri 1,450, harshen wutar kuma ya kusa digiri 2,000. Wutar da ta kai haka tana cin makamashi sosai, shi ya sa kamfanoni suka koma ga shara: a tsince ta, a busar, a daddatsa leda da takarda da tsumma da taya, a riƙa cusa su da awo. A Jamus kusan kashi 70 cikin 100 na zafin murhun siminti daga irin wannan yake fitowa. Taya na ba da zafi kamar kwal, wayar cikinta da tokar kuma su narke su shige cikin kilinka.

Bambancin yana cikin zafi da daɗewa a wuta da tace hayaƙi. A murhun siminti hayaƙin na ɗaukar daƙiƙu cikin zafin da ya haura digiri 1,000, gubobi da yawa su wargaje, sannan a tace ƙurar kafin ta fita. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta sa murhun siminti cikin wuraren da za a iya lalata magungunan da suka lalace. Wutar bola kuwa ci take a hankali, a jiƙe, ba isasshiyar iska. Irin wannan wutar ce ke haifar da guba mai suna dayoksin, wadda ke taruwa a kitsen jiki, ta shiga ƙwai da nama da nonon uwa. Baƙin hayaƙin kuma yana tayar da asma, yana ƙara wa tsofaffi ciwon zuciya da na huhu.

Kada a ɗauka hanyar kamfanin ba ta da matsala. Zaiba, wadda ke cikin wasu batura da ƙwayayen lantarki, ba ta ƙonewa. Tururi take zama ta bi hayaƙi. Robar bututun ruwa ma tana da sinadarin da dole a taƙaita. In ba tsincewa da sa ido na hukuma, maƙwabtan kamfani ne za su shaƙa. Sannan fiye da rabin iskar kabon da siminti ke fitarwa daga dutsen kansa take, canza makamashi bai taɓa ta ba.

A nan Gana yawancin kamfanoninmu niƙa kawai suke yi. Na Tema da Takoradi daga waje ake kawo musu kilinka. Ke nan babu murhun da ke jiran sharar Nima ko Aboabo gobe da safe.

Abin da ke hannunmu shi ne mu daina ƙona leda da taya a unguwa, ko don korar sauro, ko don hura gawayi. Mu roƙi mahautanmu su bar babbaka da taya, su koma gas, domin gubar na manne wa ganda da ƙafar sa. Ledar ruwa a tara wa masu saye. Maganin da kwanansa ya ƙare kada a jefa a wuta ko a kwata. A kawo wa mai kemis ya faɗi yadda za a yi da shi. Muna roƙon limamai da sarakunan zango su taya mu isar da wannan. Allah ya ƙara mana lafiya.