Mene ne mantila, baƙin gyalen da ake gani a Vatican?

Duk wanda ya kalli jana'izar Fafaroma Francis a Afrilun 2025 ya ga matan shugabanni da dama sun yafa baƙin gyale shara-shara. Mantila ke nan: mayafin leshi mai asali daga Sifaniya, a ɗora shi a ka ya sauko kafaɗa.

A da rufe kai wajibi ne. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta ce mace ta rufe kanta a coci, namiji kuwa ya tuɓe hula. Kundin da ya maye gurbinta a 1983 bai sake kawo zancen ba, don haka yanzu ganin dama ne. Masu yafawa suna yi ne don girmama wurin ibada, kuma bai dace a ga laifin wadda ba ta yafa ba.

A ganawa da Fafaroma, al'adar ita ce baƙaƙen kaya masu dogon hannu. Fari kuwa gata ne na wasu matan gidajen sarautar Katolika, kamar sarauniyoyin Sifaniya da Beljiyam. Maziyarci kuma, mace ko namiji, ba a barinsa shiga Cocin Waliyi Bitrus sai ya rufe kafaɗu da gwiwoyi.