Yadda Sanyi Ke Raya Bonsai, da Yadda Yake Kashe Ta

A watan Fabrairu, lokacin da sanyi ya kai intaha a Tokyo, ake gudanar da Kokufu-ten, baje kolin bonsai mafi daraja a Japan, wanda aka fara tun 1934. Bonsai dai bishiya ce ta gaske, irin wadda ke daji, sai dai a ɗan kasko ake rainon ta, ana datse mata rassa da saiwoyi, har ta shekara ɗari tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake bajewa a wurin ba ko ganye ɗaya a jikinsu, kuma haka gwanayen abin suka fi so, don a lokacin ne tsarin rassa ke fitowa fili. Baƙo zai zaci bishiya mai tsada haka a ɗaki mai ɗumi take kwana. A'a, yawancinsu a waje suke shan sanyinsu, kuma da za a hana su, da sun mutu.

Bishiyar ƙasar sanyi ba ta jiran ƙanƙara ta zo kafin ta shirya. Da kaka ta shigo, yini ya fara gajarta, sai ta daina sabon toho. Ɗaya daga cikin irin waɗannan bishiyoyi, momiji, wadda ganyenta ke rinewa ja wur a wannan lokaci, takan janye abincin da ke cikin ganyen ta adana a jiki da saiwa, sannan ta kaɗe shi. Daga nan sai ta shiga wani irin barci, kuma ba ta farkawa da kyau sai ta tara sa'o'in sanyi da irinta ke buƙata: ɗaruruwa, wasu ma fiye da dubu, a tsakanin sifili da digiri 7 na ma'aunin Salshiyas. Wannan ƙidaya ce ke hana ta ruɗuwa idan an sami 'yan kwanaki masu ɗumi a tsakiyar sanyi. Wanda tausayi ya sa ya shigar da tasa falo mai na'urar ɗumama ɗaki ya katse mata ƙidayar. Tohonta zai fito a makare, a warwatse, ba ƙarfi, bayan shekara biyu ko uku ta ce ga garinku nan.

Ita daskarewar, illarta ta danganta ne da inda ƙanƙarar ta taru. Jikin bishiya ƙananan ƙwayoyi ne cike da ruwa, da 'yan sarari a tsakaninsu. Idan sanyi ya sauko sannu a hankali, mako bayan mako, bishiyar kan juya sitacin da ta tara ya zama sukari, ruwan cikin ƙwayoyin ya yi kauri, ya yi wuyar daskarewa. Ƙanƙara sai ta fara tashi a sararin da ke waje, tana tsotse ruwan ciki; ƙwayar ta yamutse amma tana da rai, da ɗumi ya dawo ta sake cika. In kuwa sanyi ya faɗo farat ɗaya a kan bishiyar da ba ta gama shiri ba, a cikin ƙwayar ƙanƙarar ke tashi, tsininta ya keta fatar. Shi ya sa sanyin da bishiya za ta shanye lafiya lau a Janairu zai iya halaka ta a Oktoba ko Afrilu. Shi ya sa kuma masu rainon suke janye takin da ke tunzura ganye idan kaka ta gabato, don ɗanyen toho ba ya samun lokacin ƙwari.

Matsalar bonsai ta musamman tana cikin kaskon. Rassa da saiwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Reshen momiji da ya gama shiri yana iya jure digiri 20 ƙasa da sifili, amma saiwarta kan mutu a wajejen digiri 10 ƙasa da sifili, 'yan siraran na baki-baki, masu shan ruwa, tun kafin nan ma. A daji wannan ba abin damuwa ba ne, don saiwa na cikin ƙasa, ƙasa kuwa tana riƙe ɗumin da ta sha duk tsawon shekara, ga ganye da dusar ƙanƙara sun lulluɓe ta. Ita ko bonsai, saiwarta na cikin ƙasar da zurfinta wani lokaci bai wuce yatsu uku ba, an ɗora a kan benci, iska na ratsa ta sama da ƙasa da kowane gefe. Cikin 'yan sa'o'i sanyin kaskon ya zo daidai da na iska. Gwargwadon ƙanƙantar kasko, gwargwadon saurin daskarewarsa, saboda haka 'yan mitsi-mitsin da ake ɗauka a tafin hannu su ne farkon shiga uku.

Abin takaicin shi ne ɓarnar ba ta bayyana nan take. Afrilu na zuwa idanun rassa za su buɗe da ɗan abincin da ke jiki, ganye ya fito shar, mai ita ya yi hamdala. Bayan 'yan makonni ganyen ya lanƙwashe ko da an ba shi ruwa. In aka zare bishiyar daga kaskon, saiwoyin da ya kamata a gani farare masu ƙwari sun yi baƙi, sun yi laushi, in ka murza da yatsa fatar ta saluɓe.

Masu ganye duk shekara, irin su matsu da shimpaku, ƙishirwa ce ta fi kashe su. Kasko ya daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa, ga rana da iska suna busar da ganyen, kamar yadda iskar hunturu ke tsattsaga leɓe da dunduniya a wurinmu. Sai dai a lura: shimpaku kan juya launin tagulla a lokacin sanyi, wannan ba ciwo ba ne, korenta zai dawo. Wadda ta bushe, launin toka take yi, ganyen ya riƙa karyewa a hannu. Saboda ƙishirwar nan ake shayar da su kafin daren da ake sa ran daskarewa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya jinkirin yin sanyi, domin ruwa na sakin ɗumi yayin da yake zama ƙanƙara.

Kaskon ma yana ji a jikinsa. Ruwa kan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya fasa tukunyar da ba ta ji wuta sosai ba. Ƙasar akadama da ake dasa su a ciki, daskarewa da narkewa a kai a kai kan marmashe ta har ta toshe hanyar ruwa.

Dabarar masu sana'ar, ke nan, ita ce su bar bishiya ta sha sanyi amma su kāre saiwa, su tare iska. A unguwar bonsai ta Omiya, wadda masu bonsai na Tokyo suka kafa a 1925 bayan girgizar ƙasa ta 1923, sanyin da sauƙi, da yawan bishiyoyin a fili suke wuni su kwana, marasa ƙarfi ne ake kai wa ƙarƙashin rumfa ko ɗakin ajiya marar wuta da suke kira muro. A Hokkaido, da Kanada, da arewacin Amurka, inda sanyin ya fi tsanani, sai an ƙara himma. Matakin farko, a ganina mafi muhimmanci, shi ne sauke kasko daga benci zuwa ƙasa, sannan a binne shi da ɓawon itace ko busasshen ganye. Wasu na barin dusar ƙanƙara ta rufe shi, don ita ma bargo ce. Rumfar leda kuwa sai da lura: rana na bugun ta ciki ya ɗauki zafi, bishiya ta farka ba lokacinta ba. Ga kuma ɓeraye da ke gaigayar ɓawo a wurin ajiya.

Lokaci mafi haɗari shi ne bayan an ɗauka an gama. Da toho ya buɗe, ƙarfin jure sanyi ya tafi. Dare ɗaya mai garau, ba gajimare ba iska, ƙasa ta saki ɗuminta, raɓa ta daskare a kan ganye. Da safe ka gan shi ya yi laƙwas kamar an zuba masa ruwan zafi, kafin yamma ya yi baƙi. A waɗannan makonni masu rainon ba su da aiki sai jigila, su shigar da kasake da magariba su fitar da hantsi.

Duk wannan bai shafi bishiyoyin ƙasashe masu zafi ba, kuma a nan namu suka shigo. Kuka, tsamiya, kariya da dangin cediya duk ana yin bonsai da su a Turai da Amurka, amma ba su san shirin ƙanƙara ba. Sanyi na sauka ƙasa da digiri 10 suke fara jigata, tun ruwa bai daskare ba. Kuka da kariya hutunsu na rani ne, don haka idan sanyi ya shigo ake ajiye su a ɗaki mai ɗumi, a rage musu ruwa sosai, domin sanyi da laima in sun haɗu ruɓar da gindinsu suke yi. Momiji kuwa da za a kawo ta Kano, hunturun garin ba zai cika mata sa'o'in barcinta ba.