Ɗakin da Ake Farfasa Kankare

A bayan tsangayar injiniyanci ta wata jami'a a arewacin Najeriya akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano wanda baƙo zai ɗauka sito ne. A ƙofarsa tsibin yashi ne da na tsakuwa, ga buhunan siminti an jera a kan katako don kada su sha danshi, can gefe kuma ɓaraguzan kankare ne da aka farfasa aka zubar. Nan ne ɗakin gwajin kayan gini. Wanda zai yi aiki a cikinsa sai ya tanadi takalmin roba da tsohuwar riga, domin shebur da ƙura ne za su tarbe shi.

Dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin ba farfesa ba ne, ma'aikacin fasaha ne, amma ya riga yawancin malaman sashen zuwa wurin. Ɗalibai Baba suke ce masa, shi kuma yana kiransu injiniya tun kafin su kammala. Abin da ake fara tambayarsa da safe, bayan gaisuwa, shi ne ko akwai wuta. Idan babu, sai a yi karo-karo a sayi man janareta, saboda akwai aikin da ba ya jiran gobe.

Wannan aiki shi ne fasa curin kankare. Ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa bisa awo, a zuba a mazubin ƙarfe mai faɗin milimita 150 ta kowane ɓangare, a daddanna da sandar ƙarfe har iska ta fita. Washegari a kwance mazubin, a rubuta kwanan wata a jikin curin, a nutsa shi a tankin ruwa. Wasu za a ciro su rana ta 7, wasu rana ta 28. Ranar ba ta sauyawa, ko da ta faɗo ranar Asabar ko tsakiyar azumi, domin da ita ake kwatanta sakamako a duk duniya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba bushewa ce ke sa kankare ƙarfi ba. Siminti yana haɗuwa ne da ruwa ya zama wani sabon abu mai ɗaure yashi da tsakuwa, kuma haɗuwar tana ci gaba makonni. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da zai samu a kwana 28. Shi ya sa wanda ya zuba dakin a lokacin hunturu ya bar shi ba ban ruwa, iska ta zuƙe masa danshi, ya cuci kansa tun ginin bai tashi ba.

Ranar fasawa kowa yakan matso kusa da injin matsi. Baba zai goge curin, ya ɗora a sikeli, ya daidaita shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, sannan ya kunna. Allurar agogon injin tana hawa sannu a hankali, ɗalibin da ya kwaɓa curin yana riƙe da biro, idonsa a kanta. Da farko ba ka ganin komai. Can sai siririn tsagu ya bayyana a gefe, ɓawon kankaren ya fara zubowa, allura ta tsaya ta soma komawa baya. Lambar da ta tsaya a kai ita ce amsar wata guda na jira. Curin kankaren da aka tsara don ginshiƙin gida mai bene, irin wanda ake kira mai daraja 25, ya kamata ya ɗauki nauyin da ya kai tan 57 kafin ya fashe. Na ga wanda ya zarce haka, na kuma ga wanda aka kawo daga wurin gini da bai kai rabi ba.

Galibi laifin na ruwa ne. Tun a 1918 wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ya nuna cewa yawan ruwa a kwaɓi yana rage ƙarfin kankare. Amma lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa kamar kunu, don ya fi sauƙin ɗiba da zubawa, kuma ba na ganin laifinsa, tun da babu wanda ya taɓa nuna masa abin da injin nan yake nunawa. Ruwan da ya yi yawa yakan ƙafe daga baya ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren, ramukan nan kuma su ne hanyar da danshi ke bi ya kai ga rodi ya sa shi tsatsa.

Rodin ma ana gwada shi, a wani injin da ke kama shi ta baki biyu ya ja har ya tsinke da ƙara mai firgita sabon zuwa. Kankare yana jure matsi sosai, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka rodi ne ke ɗauke masa wannan nauyi. Rodi na kirki yakan miƙe ya sirance kafin ya tsinke, wanda a cikin gini yake nufin za a ga tsagu a samu damar fita. Marar kyau tsinkewa yake yi farat ɗaya. Wani lokaci ma ba sai an kai ga inji ba: a sayo rodi da sunan milimita 12, a auna a tarar bai cika ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina a ɗakin shi ne buhunan buntun shinkafa da ke jingine a lungu. Duk wanda ya bi ta Kura ko wani garin da ake casar shinkafa ya san tsaunukan buntun da ke bayan injina, wasu suna ci da wuta kwana da kwanaki. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba, kuma idan aka ƙona shi, tokar da ta rage mafi yawanta sinadarin silika ne. Lokacin da siminti ke haɗuwa da ruwa yana sakin wani nau'in farar ƙasa da ba ya ƙara wa kankare ƙarfin a-zo-a-gani. Silikar tokar nan tana kama shi ta mayar da shi abin ɗauri. Ba sabon ilimi ba ne. Rumawa sun yi gini da tokar dutse mai aman wuta ta yankin Pozzuoli a Italiya, kuma ƙubbar Pantheon da suka zuba a birnin Rum, mai faɗin mita 43, tana tsaye kusan shekara 1,900.

Wahalar tana wajen ƙonawa. Ana son zafi tsakanin digiri 500 zuwa 700. Idan ya gaza, gawayi ya yi yawa, toka ta fito baƙa. Idan ya zarce da yawa, silikar ta sauya kama ta daina aiki. Don haka za ka ga ɗaliba mai neman digiri na biyu ta wuni tana gadin tanderu, ta niƙa tokar, ta tankaɗe da rariya mai laushi, sannan ta maye gurbin kashi 10 ko 15 ko 20 cikin ɗari na siminti da ita, kowane awo da nasa curin. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ƙonawa, sai a sake daga farko. Ribar da ake nema babba ce. Ana gasa kayan siminti ne a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Ga tsadar buhu, wadda kowane magidanci mai ƙaramin fili ya san zafinta.

Akwai kuma masu aiki a kan jan ƙasa, suna gauraya ta da ɗan siminti su matse ta zama bulo. Wasu sun koma ga abin da maginan gargajiya suka sani: makuba ta kwasfar ɗorawa da ake shafe katanga da ita don ruwa, da laso da ake haɗawa daga katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗanda suka gano waɗannan haɗe-haɗe bincike suka yi, da ido da hannu da haƙurin damina bayan damina. Abin da ɗakin nan ke ƙara musu shi ne lamba, wadda injiniya zai iya sa hannu a kanta.

Abin da ke damuna shi ne inda sakamakon yake ƙarewa. A ofishin sashen akwai kanta cike da kundayen digiri, an ɗaure su da baƙin bango, ƙura ta rufe. Tafiyar minti kaɗan daga ƙofar jami'ar kuwa masu buga bulo ne, wasunsu suna fitar da abin da ya zarce ƙima daga buhu ɗaya, bulon da za ka murje gefensa da yatsa. Ba a taɓa haɗa su zama ɗaya da masu binciken ba. Da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, an yi ta maganar ingancin kayan gini, daga baya aka yi shiru.

Ƙofar ɗakin nan a buɗe take ga mutanen gari, haka ma irinsa a sauran jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, kuma kuɗin gwaji ba ya kama ƙafar kuɗin ginin. Idan kana shirin zuba dakin, ko an damƙa maka amanar ginin masallaci ko makaranta, ka yanki guntun rodinka, ka ɗauki bulo kaɗan, ka sa a cika maka mazubi daga kwaɓin da ake zubawa, ka kai a gwada kafin ka ɗora hawa na gaba.