Faɗuwar Gaba a Fagen Wasa: Tsoro Ne Ko Shiri?

A ƙasar Hausa, kaka ita ce lokacin dambe da kokawa. Ko a ƙauye irin Yasore ta ƙasar Batsari aka kafa fage, ko a birnin Katsina, wanda zai shiga yakan ji gabansa na faɗuwa, bakinsa ya bushe, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Haka ɗalibi yake ji a bakin layin tsere ranar wasannin makaranta. Yara da dama kan ɗauka ragwantaka ce, har su janye. To, amma kimiyya ba ta yarda da haka ba.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙaramin sashe mai samar da sinadarin adiranalin. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango karo, sai ta aika saƙo a zuba shi cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya lokacin hutu sai ta ƙara sauri, hanta ta saki sukari, jini ya ragu a hanji ya kwarara zuwa tsokoki. Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana wannan tun 1915. Ashe ke nan shiri jiki yake yi. Matsalar tana zuwa ne idan fargabar ta wuce kima: hannu ya kama rawa, hankali ya rabu biyu.

A nan yarda da kai take shigowa. A 1977, masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna tushenta huɗu ne: nasarar da mutum ya taɓa samu, ganin tsaransa ya iya, ƙarfafa gwiwa ta baki, da yadda yake fassara alamun jikinsa. Kirari da kiɗan kalangu, irin waƙar da marigayi Ɗan Anace ya yi wa Shago, suna cikin na uku. Sai dai Bandura ya ce na farkon ya fi sauran ƙarfi. Kirari yakan tsima ɗan dambe, amma ba ya maye gurbin atisaye.

Don haka ya kamata malamin wasanni ya fara haɗa yaro da tsaransa, ya ɗanɗani ƙananan nasarori kafin babbar gasa. Ya koya masa jan numfashi da sakinsa a hankali, domin hakan yana rage saurin bugun zuciya. Ya kuma sanar da shi cewa gwanaye ma gabansu na faɗuwa. Da koyo akan iya.