Ƙarfen da ruwa da mai ba su jiƙa shi

Duk mai aikin lambu ya san halin ganyen gwaza. In aka zuba masa ruwa sai ruwan ya dunƙule kamar ƙwayar tsakiya, ya mirgina ya faɗi ƙasa, ganye kuwa ya tsaya a bushe. Wannan hali shi ne masana kimiyya suka daɗe suna neman sanya wa ƙarfe da gilashi.

Wani masanin tsirrai na ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott, ya yi shekaru yana duba ganyaye da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. A shekarar 1997 shi da abokin aikinsa Christoph Neinhuis suka bayyana asirin ganyen lotus, wani tsiron ruwa na Asiya mai kama da bado. Ashe ba santsi ne ke korar ruwa ba, kaushi ne. Fuskar ganyen cike take da ƙananan ƙuraje masu lulluɓin kakin tsiro, iska kuwa tana maƙale a tsakaninsu. Ɗigon ruwa bisa kawunan ƙurajen yake zaune, kamar mutum bisa gadon kara, galibin ƙarƙashinsa iska ce. In ya mirgina sai ya kwashe ƙura ya tafi da ita.

To, ƙarfe fa? Alminiyam, wanda ake yin tukwane da shi, da zarar ya gamu da iska sai ya yi wata siririyar fata, irin tsatsarsa ke nan, wadda masana ke kira oksid. Ana iya sarrafa fatar nan da lantarki, ko da tafasasshen ruwa, har ta fid da ramuka da tsinkaye waɗanda ake aunawa da nanometir, watau milimetir guda a raba shi kashi miliyan. Cikin 1997 ɗin nan, masana a Osaka ta ƙasar Japan suka shafa oksid na alminiyam bisa gilashi, suka tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, ya fito da siffa kamar ta furanni, gilashin kuma bai dushe ba. Amma oksid shi kaɗai son ruwa yake, kaushi ma ƙara masa son yake yi. Sai an bi shi da shafen wani sinadari mai ɗauke da fuliyo kana ruwa ya guje shi.

Mai ya fi ruwa wuyar kora. Ƙarfin da ke dunƙule ɗigon ruwa ya ninka na man girki fiye da sau 2, shi ya sa mai ke kutsawa cikin ramukan da ruwa ke tsallakewa. Ganyen lotus kansa mai yana jiƙa shi. Ma'aikatan kamfanin Kao na Japan sun sami nasarar dunƙule ɗigon mai bisa alminiyam da aka sarrafa da lantarki, a 2007 kuma masana na makarantar MIT ta Amurka suka nuna cewa siffar tsinkayen ita ce kan magana: su kasance masu faɗin kai da siririn wuya, kamar ƙusa, yadda mai zai rataye a baki ya kasa sauka.

Aibi biyu ke tare da wannan fasaha, kuma ƴan kasuwa ba su cika faɗinsu ba. Tsinkayen ba su jimre guga. Farce ko tsumma mai rairayi ya isa ya karya su. Sa'an nan wasu sinadaran fuliyo ba su ruɓewa cikin ƙasa ko cikin jini. Yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita ɗaya mai suna PFOS a 2009, ta sa PFOA cikin jerin haramtattu a 2019.

Nijar tana da ruwa da tsaki cikin maganar, saboda tashoshin wutar rana na Malbaza, mai megawat 7 tun 2018, da Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30 tun 2023. Ƙurar hunturu tana rufe faifan rana ta rage wutar da suke bayarwa, wanke su kuwa ruwa yake ci. Shafen da ke hana dauɗa kamawa zai iya rage ruwan wanki. Sai dai ganyen lotus da ruwan sama yake wanke kansa, a Malbaza kuwa damina ba ta cika wuce wata 4 ba. Ya kamata ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan haja ya sa a shafa ta bisa faifai kaɗan tukuna, a bar su su sha hunturu da bazara, kana a gwada wutarsu da ta sauran.