Amfanin Shimfiɗa Ciyawa a Lambu

Ya ku manoma da dagatai, kowa ya san wahalar mai lambu da rani. Tun asuba yana bakin rijiya yana jan jigo, ko yana ƙona mai a injin ban ruwa, amma kafin azahar komi ya bushe ya tsattsage. Dalili shi ne ƙasar a buɗe take. Iskar hunturu tana ɗauke damshi daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa abin da ya rage. Maganin wannan yana nan a gefen gona, watau ciyawar da ake cinna wa wuta kowace shekara.

In aka yanki ciyawa aka shimfiɗa ta tsakanin shuka, tana yin aiki huɗu. Na fari, tana tare rana da iska, ruwan da aka ba ya daɗe a ƙasa. Na biyu, tana sanyaya ƙasa, saiwoyi ba su ƙuna. Na uku, tana hana haki haske, aikin fartanya ya ragu. Na huɗu, in ta ruɓe ta zama taki, ƙasa ta yi baƙi da laushi. Bayan wannan, ruwa ba ya fantsama taɓo a ganyen tumatir, alhali ta nan waɗansu cututtukan ganye ke shiga.

To, amma ba kowace ciyawa ake ɗauka ba. Kyasuwa da gamba da harkiya suna da kyau, muddin an sa musu lauje kafin su yi 'ya'ya. Wanda ya shimfiɗa ciyawa mai iri ya shuka wa kansa aiki. A guji kiri-kiri da aya-aya da tofa, domin guntun saiwarsu kaɗai ya isa ya tsiro ya cinye komi. Haka kuma kada a taɓa ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa, gama saurarsa kan nannaɗe ganyen tumatir da wake.

Ɗanyar ciyawa kusan kashi 4 cikin 5 nata ruwa ne. In aka jibga ta da kauri sai ta danƙare, ta yi zafi da wari, ta hana iska da ruwa shiga. Saboda haka a baza ta a rana kwana 2 ko 3 tukuna. Kana a nome komi sarai, a ba shi ruwa ya ƙoshi, sa'an nan a shimfiɗa. Kaurin busasshiya ya zama inci 2 zuwa 3. In ɗanya ce kada ta wuce inci 1. A bar tazarar yatsa 3 tsakaninta da gindin shuka, don kada ya ruɓe. In ta lafa ƙasa ta fara bayyana, a ƙara wata.

Tumatir da barkono da gauta da kuɓewa da kabeji sun fi kowa jin daɗinta, bayan dashe ya kama. Albasa kuwa a yi mata sama-sama, a janye in ta kusa ƙosawa, don kawunan su bushe su yi ajiya. Inda aka yafa iri, a rufe kaɗan, a ɗauke da zarar tsiro ya leƙo. Da damina a rage kauri, musamman a fadama mai riƙe ruwa.

Waɗansu za su ce ciyawa tana kiran gara. Gaskiya ne, amma mafi yawan gara busasshen abu take ci, ramukanta kuma suna buɗe wa ruwa hanya. Manoman jihar Tawa a Nijar, da na Yatenga a Burkina Faso, da gangan suke zuba taki da ɓuntu cikin ramukan shuka don gara ta zo ta fasa musu fako. Duk da haka a riƙa dubawa. In ta taɓa gindin barkono, a ja ciyawar baya. A ɗaga da sanda, don gudun kunama da maciji.

Ku dagatai da masu unguwanni, naku ya fi nauyi. Wutar daji ta dare ɗaya tana cinye abincin dabbobi da rufin lambun gari duka. Ku yi shela tun kaka a yanki ciyawa a tara, mai kyau a ajiye wa bisashe, ragowar a kai lambu.

Gani ya kori ji. Bana kowa ya ware komi 2 masu shuka iri ɗaya, ya rufe ɗaya ya bar ɗaya. Bayan kwana 2 da ban ruwa ya tura yatsa cikin kowanne, ya kuma riƙa ƙirga gugan da kowane komi ya sha har ranar ɗiba.