Kafin A Shuka Ba Tare Da Huɗa Ba: Yadda Ake Kawar Da Tsohuwar Ciyawar Makiyaya

A Amurka, musamman jihohin kudu maso gabas irin su Tenesi, Jojiya da Alabama, masu fili da mafarauta kan ware eka ɗaya ko biyu a bakin daji su shuka abinci don barewa da talotalon daji. Ba don girbi ba ne, don namun dajin su samu abin ci su zauna a wurin. Da yawa daga cikin filayen tsofaffin makiyayan shanu ne, kuma ana shuka wasunsu da injin da ke tsaga ƙasa ya zuba iri ba tare da an yi huɗa ba. Matsalar da suka fi kuka da ita manomanmu sun san ta sarai: ka shuka iri mai kyau, tsohuwar ciyawa ta taso ta shaƙe shi.

Ciyayi biyu ne suka fi ba su wahala. Ɗaya ita ce feskiyu, ciyawar lokacin sanyi, wadda wani nau'inta mai suna Kentucky 31 ya bazu a ƙasar tun da aka fitar da shi a 1943. Ɗayar kuma ita ce wadda suke kira ciyawar Bamuda, wato kiri-kirin nan namu. Kiri-kiri ba da iri kaɗai take yaɗuwa ba. Tana miƙa hannuwa a saman ƙasa, tana kuma da jijiyoyi a ƙarƙashi inda take ɓoye abinci. Shi ya sa in ka sare ta ko ka ƙone ta, sai ka ga bayan ruwa biyu ta dawo kamar ba a yi komai ba. Garma ma ba ta kashe ta, sai dai ta yayyanka jijiyar, kowane guntu ya zama sabon tushe.

To, mene ne suke yi? Mataki na farko shi ne a yanke ciyawar ko a bar shanu su cinye ta, sannan a jira ta sake toho, ganye ɗanye ya kai kamar taƙi ɗaya. Nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Maganin da ake amfani da shi, gilayifoset (wanda aka fi sani da Roundup), ta ganye yake shiga, ya bi ruwan jikin tsiron ya sauka har jijiya. Ba ya aiki ta ƙasa. Idan ka fesa a kan busasshen tsohon ganye, ko ciyawar da fari ya takura, ko wadda aka yanke jiya, kuɗinka ka zubar. Don haka suke fesa wa feskiyu a kaka lokacin da take tsiro da ƙarfi, kiri-kiri kuma a tsakiyar zafi bayan an samu ruwa. Feskiyu kan mutu da kamar lita 2 a eka, amma kiri-kiri takan buƙaci lita 4 zuwa 5, kuma sau da yawa sai an maimaita. Ƙarfin maganin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka abin da ke rubuce a jikin galan shi za a bi.

Bayan feshi sai haƙuri. A bar filin aƙalla mako guda, ba yanka, ba kiwo, ba wuta, maganin ya gama sauka ƙasa. Ciyawa mai jijiya ba ta nuna alama da wuri. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 kafin ta fara yin rawaya. Bayan mako uku ko huɗu a zagaya, duk inda aka ga kore ya leƙo a sake fesawa kafin iri ya shiga ƙasa.

Bari in ɗan tsaya a kan wani abu da nake yawan gani a wajenmu. Manomi ya fi son Gramoxone saboda yau a fesa, gobe ciyawa ta ƙone. Gaskiya ne, amma saman kawai yake ƙonawa. Kiri-kiri da tofa jijiyarsu na nan lafiya lau. Mafi muni ma shi ne a gauraya shi da gilayifoset wai don a ƙara ƙarfi: ganyen zai mutu kafin ya kai wa jijiya maganin. Ruwan haɗi ma abin lura ne. Ruwan kududdufi mai laka yana kama gilayifoset ya rage masa ƙarfi, don haka a nemi ruwa mai tsabta. Kada a fesa ana iska ko hadari ya haɗo, kuma a sa safar hannu, takalmi da abin rufe hanci.

Matacciyar ciyawar kuwa ba a kwashe ta. Ita ce ribar shuka ba huɗa: tana riƙe danshi, tana hana ruwa kwashe ƙasa, tana danne sabuwar ciyawa. Sai dai idan ta yi kauri sosai iri zai maƙale a sama bai taɓa ƙasa ba, shi ya sa yankan farko yake da muhimmanci. Wanda zai shuka da sungumi sai ya tabbata ya buɗe ramin har ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin da suke zaɓa a shekarar farko. Da zafi sukan shuka wake, waken suya ko lablab, barewa na son ganyensu ƙwarai. Amfanin haka shi ne akwai magunguna irin su kilethodim da ke kashe dangin ciyawa su bar mai faɗin ganye, don haka duk kiri-kirin da ta tsira ana iya binta a cikin waken. Da masara ko dawa aka shuka, wannan maganin zai haɗa da su ne, tunda su ma dangin ciyawa ne. Wanda yake son buɗe saura mai kiri-kiri ko tofa don samun harawa, shawarata ya fara da wake ko lablab, ya bar masara sai damina mai zuwa.